Kushin Ɗin Dala Ɗari Huɗu

Shekara ashirin da shida na yi ina ja wa Kyaftin Osbert igiya a cikin Adina, saboda haka in na ce muku mutumin ya iya tuƙin jirgi, ku yarda kawai. A duk ƙauyenmu na Windward babu wanda ya san iska da duwatsun ƙarƙashin ruwa kamarsa. Ciwonsa ɗaya ne: tunda ya iya wannan, sai ya ɗauka babu abin da bai iya ba. Ya taɓa cire wa kansa haƙori da filaya, ya cire mai lafiyar.

Adina jirgin katako ne mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. Mahaifin su Osbert ne ya sassaƙa shi a bakin ruwan nan, ya sa masa sunan uwarsu. Tsohon ya san halin 'ya'yansa, don haka da zai mutu ya bar wa babbar, Miss Eulalie, jirgin, ya bar wa Osbert sandar tuƙi, muddin yayarsa ta yarda. Ita kuwa Miss Eulalie ta daɗe tana aikin jinya a Ingila, ta dawo gida da fansho da irin muryar da ke sa ƙato ya haɗiye magani ba gardama.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yarta za ta auri Anselm, wani saurayi matuƙi daga Petite Martinique, tsibirin da muke hangowa daga ƙofar gida. Adina ne zai je ya ɗauko dangin ango da kek ɗinsu da tutarsu, mu kuma a tarye su a gadar jirage da tamu tutar da masu goge. Sai Miss Eulalie ta sauko duba jirgi, ta ɗaga kushin ɗaya na bencin zama, ƙaguwa ta fito daga ciki ta kama gabanta. Kushin takwas ne, shekararsu goma sha tara, kuma duk kifin da muka taɓa kamawa sun riƙe warinsa.

Aka kira Tanti Philomen daga Tyrrel Bay, wadda ɗinkin kushin na jirage shi ne sana'arta tun muna samari. Ta zo da takardar buhun siminti da almakashi, ta yi awa biyu a durƙushe tana fitar da siffar kowane benci. Da ta gama ta kakkaɓe gwiwa, ta ce dala dubu huɗu da ɗari biyu.

"Tanti, kushin muka ce fa," in ji Osbert. "Ba mu ce ki sake mana jirgi ba."

"Soson da ruwa ke ratsawa ya wuce, daga Trinidad ake kawo shi," ta ce. "Ga yadin da rana ba ta ci, ga zif ɗin da gishiri ba ya ci. In ka san inda ake raba su kyauta, nuna mini in je in bi layi."

"Duk a kan abin da mutum zai ɗora mazaunansa? Ni shekara talatin ina tsaye a kan sandar nan, ban taɓa zama a kan ko ɗaya ba, ga ni kuma ban mutu ba."

"Shi ya sa ka fi kowa sanin kansu," ta ce, ta ci gaba da naɗe takardunta.

Nan take Osbert ya bugi ƙirji ya ce da dala ɗari huɗu zai yi wanda ya fi na Tanti, har da canji. Da wani ne ya faɗa, Miss Eulalie ko kallonsa ba za ta yi ba. Amma kwasar adashenta ke nan, biki kuma ya buɗe baki yana jira, ga ta da ma ba mai sakin hannu ba ce. Na ga lokacin da ta fara lissafa awakin da rarar za ta saya.

"Osbert, dube ni nan," ta ce. "Surukaina za ka ɗauko, har da kakar ango mai shekara tamanin da bakwai. In ka ba ni kunya a gaban mutanen Petite Martinique, a ranar zan karɓi sandar nan in ba Anselm. Yaron ya iya tuƙi."

Osbert ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, Yaya, ki fara neman inda za ki ɗaure awakin.

Kafin yamma duk majalisar 'yan domino da ke gindin bishiyar bakin gada ta ji cewa an daɗe ana cutar mutanen tsibirin nan a kan kushin, kuma Allah ya kawo ƙarshen abin. Washegari ya sayo tsofaffin katifun soso guda huɗu daga wani masaukin baƙi da ya rufe. Ya auna bencin dama kaɗai, ya ce hagu da dama duk ɗaya ne, ai babansu ba makaho ba ne. Ya yanka takwas da wuƙar burodi. Na dama suka zauna daram. Na hagu kuwa, da yake cikin jirgi a lanƙwashe yake, gefen da ya kamata ya kwanta a jikin katako sai ya juyo yana kallon jama'a. Ya kifa su, ya juya su, ya hau kansu da gwiwa, suka ƙi. Ya ce soso ne, in ya kwana zai saba.

Da asuba aka yi ruwan sama. Da gari ya waye muka tarar Adina ya karkace kamar mai ciwon ƙugu, sai da mu biyu muka kama kafin muka iya ɗaga soso ɗaya. Mista Cosmos, wanda ya fi kowa kaifin baki a majalisar domino, ya tsaya a kan gada ya ce Kyaftin ya yi wa tsibiri babban aiki, tunda ba mu da kogi ga shi ya ƙirƙiro tankin ruwa mai laushi. Ya tambaya ko ana sayarwa ɗai-ɗai. Wata maƙwabciya ta zo da gaske ta matse biyu a kan tumatirinta.

Osbert bai ji ko gezau ba. Ya ce wannan gwaji ne, duk babban injiniya da gwaji yake farawa. Amma rabin kuɗin ya tafi, biki saura mako huɗu, kuma na lura ya daina bi ta ƙofar gidan yayarsa.

Ranar Lahadi da hantsi, mutane duk suna coci, ya zo ya same ni da buhuna a hammata. Kompe muke kiran juna, wato aboki.

"Kompe Dunstan, tashi mu je. Na samo abin da ya fi soso, kuma kyauta ne."

"A ina?"

"Bayan maƙabarta."

Abu ɗaya ne a bayan maƙabarta, wato babban rimin nan. Lokacin kuwa 'ya'yansa sun farfashe, auduga ta rufe ƙasa fari fat. A wurinmu ko itacen wuta ba a tsinta a gindin rimi, gidan mutanen ɓoye ne da tsofaffin da suka riga mu. In ta kama dole, sai ka jiƙa ƙasa tukuna: ka zuba giyar rake, ka zuba ruwa, ka kira su ka faɗi abin da ya kawo ka. Kowane yaro ya san wannan. Osbert ya ce kakansa da audugar rimi yake cusa rigar ceto ta jirgi, kuma gaskiya ya faɗa. Na ce kakan nasa ai yana jiƙa ƙasa.

Na sayi ƙaramar kwalba da kuɗina, na miƙa masa da muka isa. Ya ɗaga ta ya duba a rana, ya ce giya mai kyau irin wannan a zubar a ƙasa, ai almubazzaranci ne, matattu kuma sun sha rabonsu tun suna da rai. Ya jefa ta aljihu. Ni dai na tsaya a ɗaya gefen hanya na ba rimin baya, ina karɓar buhu ina cewa ba da ni ba. Buhu goma sha huɗu ya cika. Na ce aƙalla ya tsince baƙaƙen ƙwayoyin da ke ciki, ya ce su ne za su riƙa yi wa mutum tausa.

Da sauran kuɗin ya sayo yadin labule a garin Hillsborough, mai sakakkiyar saƙa, an zana masa manyan aku kore da ja. Ɗinki kam ya iya, wanda ya shekara talatin yana facin ƙyallen jirgi. Ya rufe kansa a ɗaki kwana biyar, ya fito da kushin takwas ɓul-ɓul, kuma ko ni da na san abin da ke ciki sai da na yi sha'awarsu.

Ƙauye ya sauko kallo. Mista Cosmos ya zauna a kan ɗaya, ya lumshe ido, ya rasa abin faɗa, abin da ba a taɓa gani ba. Miss Eulalie ta danna da yatsa ta tambayi abin da ke ciki. Osbert ya ce sabon abu ne daga Venezuela, bai shigo kasuwa ba tukuna, kuma ko shekara ya yi a ruwa ba ya nutsewa. Ta ce to, ta tafi ta sayi awaki uku. Shi kuwa saboda tsoron iska da masu ɗan hali, ya zura farin zaren fatsa ta kunnen kowane kushin ya haɗa su duka, ya ɗaure bakin a ƙarfen bayan jirgi. Sabon ƙulli ne mai tsawon gaske, ya ƙi yankewa don kada ya yi asara, ya tura ragowar ƙarƙashin benci. Daga nan ya koma majalisa ya yi mako guda yana ba da lacca, har yana cewa zai buɗe shago kusa da na Tanti Philomen.

Ana ta ɗan yayyafi a kwanakin, rana kuma tana fitowa. Wata safiya na sauko jirgi na tarar da shi a durƙushe a gaban kushin da ƙaramin almakashi.

"Kompe, me kake yi?"

"Aski."

Na matsa. Ƙwayoyin sun tsiro. Ta bakin ɗinki, ta tsakanin saƙa, ta kan aku da fikafikansa, 'yan kore-kore sun leƙo ko'ina. Ya ce wannan shaida ce cewa kayan sabo ne. Tun daga ranar kullum sai ya riga kowa saukowa ya yi wa kushin takwas aski. Na san ya kamata in je in gaya wa Miss Eulalie. Ban je ba, saboda abokina ne, kuma saboda ni na riƙe buhunan.

Ranar biki Osbert ya ɓata safiyarsa wajen guge farin kwat da hular kyaftin mai zaren zinariya, askin ranar ya zama na gaggawa. Muka tsallaka lafiya. Mutum ashirin da biyu suka shigo har da ango, maza cikin baƙaƙen kwat, mata da manyan huluna, uwar ango rungume da kek hawa uku, kawunsa riƙe da tuta. Aka tallabo Ma Titine, kakar ango, aka zaunar da ita a wuri mafi kyau, dab da matuƙi. Tsohuwar nan ita ke ba rabin tsibirinsu maganin gargajiya, babu ganyen da ba ta sani ba ko a duhu. Ta yaba laushin kushin, Osbert ya ba ta labarin Venezuela tun daga farko.

Mun kai tsakiyar ruwa, iska tana bayanmu, ana waƙa, sai ta ji wani abu yana sosa mata baya. Ta kai hannu tsakanin kushin da katako ta tsinko. Wannan tsiron ya tsere wa almakashi tun farko, ya girma abinsa a ɓoye, har ya buɗe ganye kamar tafin hannun jariri. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zare allurar hularta ta ɓarke ɗinki kaɗan, ta jawo farar auduga. Iska ta kwashe ta ta manna a jikin kek.

"Ɗana," ta ce a hankali, "wace ƙasa ka ce?"

"Venezuela, Ma."

"Venezuelar da ke bayan maƙabartarku?"

Waƙa ta tsaya. Osbert ya gyara hula.

"Ka jiƙa ƙasa?"

Osbert ya sake gyara hula. Ta juyo ta dube ni, ni kuwa na sami wani abu mai muhimmanci a saman ƙyalle na ƙura masa ido. Tsohuwar da sai an tallabe ta take tashi ta miƙe tsaye da kanta.

"Ku tashi," ta ce. "A kan mutane muke zaune."

Mutum ashirin da biyu suka miƙe lokaci guda a cikin jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa. Adina ya kwanta dama, kowa ya ruga hagu, ya kwanta hagu. Uwar ango ta ɗora kek a ka, wata ta riƙe ta, wata ta riƙe mai riƙon. Osbert yana ta cewa a zauna don Allah, amma ko da kuɗi ba mai zama. Kawun ango ne ya fara sa ƙafa ya ture kushin ɗaya cikin teku, kafin in ɗaure igiyar da ke hannuna duk takwas sun bi shi. Aka yi ajiyar zuciya. Ma Titine ta zauna a kan katako tsura, ta ja waƙar coci, aka amsa.

Ba a kai baiti na biyu ba mai tuta ya waiwaya.

"Suna biye da mu."

Can a bayanmu, da 'yar tazara, ga kushin takwas a jere, ɗaya na bin ɗaya, aku suna kallon sama. Farin zare a cikin ruwa ba ya ganuwa. Osbert ya karya jirgi dama, suka karya dama. Ya karya hagu, suka biyo a natse, ba mai wuce wani. Ya ce in saki ƙyalle mu ƙara gudu, suka ƙara, har suna tsalle a kan ruwa.

Za ku ce ai shi ya ɗaura zaren. Haka ne, amma mako uku ke nan da ɗaurawa, kuma abin da ke ransa a lokacin kwalbar nan ce da ya jefa aljihu ya shanye a gida. Ni ma da na ga ɗaurin da idona, ban tuna ba, addu'a nake yi. Muna dab da ƙofar duwatsu, inda hanya ba ta fi faɗin jirgi uku ba, na ga fuskar Osbert ta zama kalar kwat ɗinsa. Mutumin da guguwa ba ta taɓa raba hannunsa da sandar tuƙi ba ya sake ta, ya tsallake mata biyu, ya tafi can gaban jirgi ya rungume itacen ƙyalle yana ba tsofaffi haƙuri da sunayensu. Anselm ne ya yi tsalle cikin kwat ɗin angonci ya cafke sandar. Ya ratsa da mu ta ƙofar nan sumul, ko fenti bai goge ba.

Duk Windward tana kan gada, tutar amarya tana rawa, masu goge suna ja. Sai kiɗan ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai babbar ganga ne ƙarshe don shi ba ya gani sosai. Adina ya tsaya, ango a kan sanda, kyaftin a manne da itace. Kushin takwas suka ƙaraso a hankali suka jingina da jikin jirgi. 

Tanti Philomen tana cikin 'yan gayya. Ta matso bakin gada, ta sunkuya, ta zura mariƙin lemarta a ruwa, ta ɗago farin zare yana ɗiga. Ta bi shi da ido har zuwa ƙarfen bayan jirgi, kowa ya bi tare da ita. Dariyar da ta tashi a gadar nan, an ce har a Petite Martinique an ji ta. Mista Cosmos sai da aka zaunar da shi aka yi masa fifita.

Tanti ta jawo kushin ɗaya ta duba. "Ɗinkin ba laifi," ta ce. "Kuma ka yi gaskiya, ba sa nutsewa." Ta juya wajen Miss Eulalie. "Soso ya tashi a Trinidad. Dubu huɗu da ɗari shida."

Miss Eulalie ba ta ɗaga murya ba. Ta jira Osbert ya hawo gada, ta miƙa hannu. Ya fara cewa, Yaya, ai in aka duba ta wani ɓangaren, sai ya ga hannun bai motsa ba. Ya cire hular mai zaren zinariya ya ba ta, ta ɗora wa Anselm a ka.

Ma Titine kuma ta ce jikanta ba zai taka coci ba sai an jiƙa ƙasa. Haka aka juya biki gaba ɗaya zuwa bayan maƙabarta, tutoci biyu a gaba, masu goge a baya, Osbert a tsakiya ɗauke da galan guda na giyar rake da ya saya da kuɗinsa. Ya zuba har ɗigon ƙarshe, ya ba da haƙuri da ƙarfi a gaban tsibiri biyu. Ɗaya daga awakin nan uku ma a gindin rimin ya ƙare. Bayan haka aka ɗaura aure, aka ci kek ana tsince auduga.

Mako shida bayan nan Tanti ta kawo sababbin kushin, shuɗi, kowanne ya zauna a wurinsa kamar a nan aka haife shi. Ranar fitarmu ta farko da Anselm, ban zaci Osbert zai zo ba, sai ga shi da tsohuwar hular kaba. Ya shigo, ƙafarsa ta kai shi bayan jirgi da kanta, ya tarar da mutum a wurin. Ya ɗan tsaya. Anselm ya ce, Kawu, ga wuri nan. Tausayinsa ya kama ni har na sunkuya ina kwance igiyar da ba ta ƙulle ba.

Ya zauna, karo na farko a shekara talatin. Ya danna kushin da babban yatsa, ya ɗan yi tsalle a kai, ya jingina.

"Yaya ka ji shi, Kompe?" na ce.

"Nawa ya fi laushi," ya ce. Idonsa na kan sandar tuƙi.